Faɗuwar Inna

Ina makarantar sakandare ta lise a Dogon Dutsi aka ba ni aikin zama bayan labule, ina tuna wa 'yan teyatur, masu wasan kwaikwayo, maganar da suka manta. A ƙungiyar akwai wata tsohuwa da muke ce wa Inna. Tun kafin a haife ni abu ɗaya ake sa ta: ta fito da sanda, ta yi tuntuɓe, ta faɗi, jama'a su tuntsire da dariya.

Malamarmu ta Faransanci ta ce abin ya isa. Ta rubuta wasa domin Inna, inda za ta fito a mai sayar da zogale a tasha, mai bakin da ke kunyata direba da jandarma. Inna ba ta iya karatu ba, ni na riƙa karanta mata har ta haddace. Wajen gwaji har hawaye muke yi don dariya.

Ranar wasa ta fito tsaye kyam, ba sanda. Ba ta rufe baki daga maganar farko ba wani cikin 'yan kallo ya ɗaga murya, "Inna, hwaɗi muna!" Sauran suka ɗauka suna tafi. Na raɗa mata maganarta, ta sake gwadawa, ihu ya rufe ta. Sai ta taka bakin zanenta da gangan, ta zube. Filin ya kaure da shewa.

Bayan labule, tana shafa gwiwarta mai jini, ta ce wa malamar, "Ɗiyata, in za ki sake rubuta mani, ki sa tabarma inda zan faɗi."