Tukkun Issa Ɗan Japan

Sunan da iyayensa suka raɗa masa a Japan Isamu ne. Mu 'yan kasuwar Maraɗi da Kano da muka fara sauka Guangzhou ta ƙasar Sin wajen 1997 bakinmu ba shi da haƙurin wannan, sai muka mai da shi Issa, shi kuma ya amsa. Ni Tankari ni na fara saninsa.

A wani sito kusa da filin jirgin Baiyun na gan shi, inda ake ɗaure mana kaya. Na taho da jakunkunan mata daga Shiling, garin masu ɗinka jaka, ƙunshi guda da mutum uku suka sauke daga mota suna nishi. Sai wani ƙato ya fito yana ɗingishi, da hular saƙa a kansa duk da zafin garin, ya rungumi ƙunshin ya shige ciki kamar ya ɗauki matashin kai. Ni a gidan 'yan kokowa na tashi, kawuna ya yi zamaninsa a filin Maraɗi, don haka ban kula da ƙarfinsa ba, ƙafafunsa na kalla. Ba ya ɗaga su, jan su yake yi a ƙasa, gwiwa a lanƙwashe. Na ce masa da guntun Turancina, "Kai ɗan kokowa ne." Ya dube ni ya ce, "A da."

Daga nan muka saba. Ran Juma'a yakan raka mu har ƙofar Masallacin Huaisheng, ya zauna a waje ya jira, in mun fito mu shiga gidan abincin Musulmin Sin mu ci. Kaza kawai yake ci. Ya ce a gidansu na kokowa ba a son naman mai ƙafa huɗu lokacin gasa, domin wanda ya dafa ƙasa da hannu ya faɗi, kaza kuwa da ƙafa biyu take tsaye. Na yi dariya har na ƙware, na ce ashe ba mu kaɗai ke da camfi ba. A irin wannan zama na tsinci labarinsa, rabi da Turanci, rabi da hannu, daga baya har da Hausa, don kunnensa na da kyau.

Ɗan masunta ne daga wani ƙauyen bakin teku. Yana da shekara goma sha biyar aka kai shi Tokyo, gidan wani tsohon ɗan sumo, kokowar ƙattai ta Japan, aka damƙa shi amana. Wannan mutum shi Issa ke kira Maigida tun da ya koyi kalmar a bakinmu. A gidan ake kwana, a gidan ake ci, a gidan ake shan wuya. Ƙananan 'yan wasa su ke share fili, su dafa tukunya, su cuɗa wa manya baya a wurin wanka, sannan su ci abin da ya rage. Albashi sai wanda ya hau aji biyu na sama. Issa ya shekara goma sha huɗu yana hawa yana zamewa, kamar mai hawan rijiya da jiƙaƙƙiyar igiya, har ya iso bakin ƙofar ajin manya. Karo ɗaya ya rage masa.

A wannan karon gwiwarsa ta tashi aiki. Ya ce ya ji ƙararta kafin ya ji zafinta. Aka fitar da shi a keken guragu, jama'a na kallo. Da ya soma takawa, maimakon ya koma gidan Maigida ya durƙusa ya yi sallama yadda ake yi, kunya ta hana shi, sai ya sulale ya bi mijin yayarsa da ke da hannu a wata masana'antar jaka a Shiling. Masana'antar ta durƙushe, surukin ya koma gida, Issa ya zauna yana dakon kayanmu.

Wata Juma'a bayan sauran sun watse na tsokane shi kan hular nan. Na ce, "Issa, mi kake ɓoyewa ƙarƙashinta, ƙaho?" Bai yi dariya ba. Ya waiga, ya cire ta. Gashi ne baƙi wuluk mai tsawo, an shafe shi da mai mai ƙamshi, an naɗe shi tukku a tsakar ka.

Ya bayyana mini. Kowane ɗan sumo yana da tukku, amma akwai wani babban ɗauri mai buɗewa kamar ganye wanda sai manya ke yin sa. Irinsu Issa sau ɗaya ake yi musu shi a rayuwa, ranar da za su bar kokowa. A ranar mutum zai zauna a kujera, 'yan uwa da abokai su zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya datsi 'yan silalai da almakashi. Yankan ƙarshe na Maigida ne, shi zai cire tukkun ya dafa kafaɗarka. In ba a yi maka haka ba, ba ka gama ba, gudu ka yi. Issa ya ce, "Ni gudu na yi, Tankari. Amma gashin na nan." Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa, domin ba ya so a san shi da gudu. Na riƙe masa.

Farkon bazarar 1998 na same shi a sito yana murmushi shi kaɗai, abin da ban taɓa gani ba. Yayarsa ta yi masa waya. Maigida zai ajiye aiki, shekarunsa sun kai, kuma ya ce a gaya wa wancan wawan ya dawo a yanke masa gashi kafin a rufe gidan. Issa ya maimaita mini "wancan wawan" ya fi sau nawa, kamar an yi masa kirari. Ya sayi sabbin takalma. Ya ce in zan iya samun biza in zo in datsi nawa.

Ni kuwa tafiya ta kama ni zuwa Hong Kong kan wasu kaya da suka maƙale. A bayana zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi. Ya ƙi asibiti ƙememe, tun abin da ya same shi a Tokyo ba ya son warin wurin. Wanda ya tsaya a kansa shi ne Alhaji Kallamu, Bakano mai sayen takalma, wanda ɗakinsa ke kallon na Issa. Kallamu mutum ne mai hannu a buɗe da baki a buɗe, ɗan wanzamai ne gaba da baya, kuma bai taɓa tafiya ko'ina ba tare da askarsa ba. Shi ya riƙa dafa masa kunu, yana goge masa jiki, yana juya wannan ƙaton jiki shi kaɗai. Da zazzaɓin ya kai inda Issa ba ya gane kowa, Kallamu ya cire hular don kai ya sha iska, ya ga tulin gashi jiƙe da gumi. A gidansu an san maganin wannan. Ya wasa aska ya yi masa ƙwal. Gashin kuma, yadda ya ga ubansa na yi don kada ya faɗa hannun mugu, ya tona rami a wani fili da ake gini a bayan gidan ya binne.

Da na dawo Kallamu ya tare ni a matakala yana fara'a. "Malam Tankari, mutumin naka ya tashi! Wallahi gashin nan ne ya riƙe masa zazzaɓi. Ƙato da shi yana yawo da tukku kamar yaron goye!"

Jakata ta faɗi daga hannuna. Na ce, "Alhaji, mi ka yi? Wa ya aike ka? Kai komi ka gani a kan mutum sai ka sa mai aska?" Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa wanda ya girme ni ba. Da na gaya masa abin da gashin yake, sai ya zauna a kan matakalar ya kama kansa yana salati. Muka ruga filin. An riga an zuba kankare a wurin.

Issa na zaune a bakin gado, ya rame, tafin hannunsa a kan ƙoƙon kansa yana shafawa. Kallamu ya durƙusa a gabansa, dattijo da furfura, yana cewa, "Ka yafe ni, ɗan'uwa, wallahi ban sani ba." Issa ya kama shi ya ɗaga, ya sunkuyar da kai irin tasu, ya ce da Hausa, "Na gode, Alhaji. Ka yi jinya." Da ya zage mu da ya fi mini sauƙi.

Na yi iya yina ya tafi hakanan. Na ce Maigida mutum yake son gani, ba gashi ba. Ya girgiza kai ya ce, "Na gudu da gashinsa, in koma babu? Me zai yanka?" Ya yi waya ya ce ba shi da lafiya, a ƙara masa lokaci. Tsohon ya ce ko an rufe gidan almakashinsa na nan, zai jira.

Haka muka shiga renon gashi, mu uku. Kallamu ya bar aske kowa, ya sa aka kawo masa man kaɗanya daga Kano, duk wanda zai zo sai ya ba shi saƙo. In ya gamu da Issa, kansa yake fara kallo kafin ya gaishe shi. 'Yan sito na Sin suna yi wa Issa ba'a, su nuna kansa su ce "meyo", wato babu, shi kuma ya yi musu murmushi ya ɗauki ƙunshinsa. Gashi kuwa ba ya jin roƙo, yadda ya ga dama yake fitowa.

Wajen ƙarshen 1999 ya kai inda za a iya kama shi a ɗaure da zare, ɗan ƙaramin tukku. Issa ya ce saura kaɗan ya isa babban ɗaurin. A cikin wannan sauran kaɗan yayarsa ta sake yin waya. Maigida ya rasu.

Bai yi kuka a gabanmu ba. Ran Juma'ar da ta biyo ya ce in mun sauko daga masallaci mu same shi a sito. Muka tarar ya share tsakar wurin, ya ajiye kujera, ya sa riga mai tsabta, ya ɗaure ɗan tukkunsa da kansa. Babban ɗaurin babu wanda ya iya shi a cikinmu, don haka bai taɓa hawa kansa ba. Ya zauna ya miƙe baya, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya miƙo mini almakashin da ake yanka igiyar kaya.

Na datsi nawa. 'Yan Maraɗi suka datsa, 'yan Kano suka datsa, har mai siton, wanda muke kira loban, ya zo ya datsa bai san dalili ba. Kallamu ne na ƙarshe. Mutumin da ke yi wa mutane aski tun yana yaro ya kasa riƙe almakashi, sai da na tallafa masa. Tukkun ya rage a rataye da 'yan silalai ta baya. Kallamu ya share ido ya ce, "Issa, in ƙarasa?"

Ya ce, "A'a, Alhaji. Wannan na Maigida ne."

Muka tsaya cirko-cirko. Ya ci gaba da zama a kujerar, idonsa a rufe, kafaɗarsa a shirye, yana jira. Babu wanda ya iya ce masa ya tashi. Can wata mota ta shigo da kaya daga Shiling, direban ya danna hon, Issa ya buɗe ido ya miƙe ya tafi saukewa, tukkun na reto a ƙeyarsa.