Malam Labaran Taba: Da Kai Aka Binne Ƙwallon Gora a Yankinmu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, 16 ga watan Yuli, 2025, ina gona a Nasarawan Doya muna zuba wa masara taki, ɗanka Huzaifa ya kira ni a waya. Bai tsawaita ba. Ya ce, "Yaya Zayyad, Baba ya cika." Bayan azahar muka raka ka makwancinka a Taba, garin haihuwarka, ana yayyafi.

Wanda bai san ka ba zai ce wani tsohon malamin motsa jiki ne ya rasu, wanda ya koyar a makarantun sakandare a Ikara da Makarfi har ya yi ritaya. Haka ne. Amma mu da muka bi ta hannunka mun san cewa tare da kai aka binne wasan hoki a yankinmu, wasan da mutanen gari ke kira ƙwallon gora.

Ka sha gaya mana yadda ka faro. Kana kwalejin horon malamai a Zariya wani malaminku ɗan Pakistan ya damƙa maka sandar wasan, ya ce ƙafafunka sun fi ƙarfin zama. A 1971 aka fara gasar cin kofin duniya ta hoki a birnin Barcelona, ƙasarsa kuma ta lashe. Ka ce ranar ce ka fara ganin babban mutum yana hawayen murna, yana bin ɗalibai aji-aji yana raba alewa. Tun daga nan gasar ta shiga ranka, ba ta sake fita ba.

Idan muka gama atisaye sai ka zaunar da mu a gindin mangwaro, gumi na tsiyaya, ka dinga jero mana tarihin gasar kamar mai ba da labarin danginsa. Yadda Pakistan ce ta kawo shawarar kafa ta, ita ce kuma ta ba da kofin. Yadda Holan ta karɓe, sannan Indiya. Inda muryarka ke sauyawa shi ne in ka zo kan 1975, shekarar da Ghana ta je ta buga. Sai ka ce, "Ghana fa, ga ta nan kusa da mu. Da me suka fi ku?" Burinka ɗaya ne, ba ka kuma taɓa ɓoye shi ba: ka ga Najeriya a wannan gasa, da yaro ko da guda daga cikinmu.

Ina aji uku a 1986 ka zo fili rungume da rediyonka, fuskarka ba walwala. An kammala gasar a Landan, a kan ciyawar roba, kuma Pakistan da Indiya, gwanayen da ka raine mu da labarinsu, su ne suka zo na ƙarshe. Ka ce mana, "Daga yau duk wanda ba shi da filin roba ya koma ɗan kallo." Ba mu gane ba. Sai da aka gayyace mu wata gasa a birni muka taka irin wannan fili. Mu da muka saba da ƙwallo mai tsalle a kan tsakuwa, sai ga ta tana sulalewa kamar kifi. Aka yi ta zura mana har muka daina ƙirgawa. Ni ne mai tsaron gida, na fito ina kuka. Ba ka yi wa kowa faɗa ba. Ka durƙusa da kanka ka kwance min makarin ƙafa, ka ce, "Ba ku aka ci ba, filinmu aka ci. Tashi ka wanke fuska, mu je mu gaishe su."

Akwai abin da mutanen Likoro ba za su manta ba. Bayan tashinmu ka samu Bilya, ɗan garin, yaron da ka ce ba ka taɓa riƙe irinsa ba. Aka kira shi sansanin zaɓen 'yan wasa na ƙasa daidai lokacin saran rake. Mahaifinsa, Malam Tanko, ya tsufa, kuma Bilya ne kaɗai namiji babba a gidan. Tsohon ya ce ba inda Bilya za shi. Ka je har zaurensa ka zauna a ƙasa. Ya ce, "Malam, in ya tafi, wa zai sare min raken?" Ka ce, "Ni, Baba." Ya ɗauka zance ne. Washegari sai ga ka da adda. Kullum ka tashi daga makaranta sai ka hau keke zuwa fadamar, har aka gama saran. Hannuwanka suka yi kanta, ganyen rake ya tsattsage maka wuya.

Bilya ya kai har zagayen ƙarshe, sannan aka sallame shi. Kunya ta hana shi zuwa wurinka, kai ka bi shi gida. Yau direban babbar mota ne. Ya tuƙo daga Legas bai iske jana'izarka ba. Ya tsaya a bakin kabarinka ya kasa ɗaga hannu ya yi maka addu'a.

Sannu a hankali abin ya yi ta zamewa. Filin da muke wasa aka yanke gefe guda aka jera shaguna, sauran kuma wani ya kewaye. Ka koma gonar da aka girbe kana koyarwa a kan kunya-kunya, da damina ta sauka sai a tashe ka. Yara suka koma ƙwallon ƙafa, wanda ko leda suka ƙulle ya ishe su. Na sha wucewa in gan ka tsaye da usur a wuya, da yaran da ba su kai a raba gida biyu ba. Duk da haka ba ka taɓa fasa fitowa ba, sai da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da kai.

A 2022, da Najeriya ta zo ta uku a gasar Afirka a birnin Accra, ka yi murna har ka sa aka dafa shayi. Daga baya ka ce na uku ba ya kai mutum gasar duniya. Da shekara ta zagayo aka buga gasar a Indiya, na zo dubiya na same ka jingine da matashi, Huzaifa na riƙe maka waya kana kallo. Maganarka ba ta fita sosai a lokacin. Ka tambaya, "Ina Pakistan?" Huzaifa ya ce, "Baba, ba su samu shiga ba." Sai ka ce, "Masu kofin ma suna waje. To, mu da su duk ɗaya." Ka sa aka kashe wayar.

Ba ka ga abin da ka yi fata ba, Malam. Amma cikin waɗanda ka zaunar a gindin mangwaro akwai malamai, akwai ma'aikatan asibiti, akwai manoma irina, kuma ban san ko guda da ya taɓa ɗaga sanda ya doki ɗan'uwansa ba. Kai ka hana mu, tun muna riƙe da ita kullum.

Ranar sadakar uku, Inna Khadijatu, matarka, ta sa aka fito da wani buhu daga ɗakinka. Sandunan wasa ne, ka goge su da mai, ka ɗaure wuri guda. Ta ce, "Ya bar wasiyya a bai wa yara masu yi. Ku ne ɗalibansa. A ina ake yi yanzu?" Muka dubi juna, daga Ikara, daga Makarfi, daga Kudan. Duk garuruwan nan babu inda ake yi.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Labaran. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanya jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Khadijatu, da Huzaifa da ƙannensa Suwaiba da Mukarrama, da jama'ar Taba baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya albarkaci bayansa. Mu kuma da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.