Tsoho Mailafiya da Mararrabar Hindawiyya

In an sallame sallar asuba kowa gida yake komawa ya ɗan kishingiɗa, ban da Malam Tsoho Mailafiya. Shi sandarsa yake ja har mararrabar Hindawiyya a nan Makka, inda hanyar tasi ta gitta ta kasuwa. Duk baƙon Bahaushen da ya ga zai tsallaka sai ya tare shi: "Alhaji, dubi hagu tukuna. Nan ba Kano ba ce." Wani ya gode, wani ya harare shi. A da, in hantsi ya yi ya karkaɗe riga ya nufi kotu, inda ya shekara ashirin da biyu yana tafinta tsakanin alƙali da mutanenmu da ba sa jin Larabci. Bana, 1968, ya ajiye aikin, don gwiwa ta ƙi, ido ma ya soma gardama. Ko shayin sallama ba wanda ya dafa masa, kuma wallahi abin kunya ne gare mu.

Tsayuwar mararrabar nan tana da mafari. Shekara shida da suka wuce 'yar ƙanwarsa, Ramlatu, ta iso Makka da mijinta Mukhtaru da 'ya'ya uku, bayan shekara bakwai suna tsinkar auduga a Sudan. Tsoho ne ya sauke su, shi ya samo wa Mukhtaru keke na raba burodi a kantuna. To, a Kano da Sudan abin hawa hannun hagu yake bi, nan kuwa dama. Kwanansa tara da karɓar keken, Mukhtaru ya shigo mararrabar ta hannun da ƙafarsa ta saba, wata tasi ta yi sama da shi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Direban, Hadi, mutumin Yaman ne, ko sannu bai sani ba da Hausa. Aka tsare shi. Yadda alƙalin ya bayyana, in laifin duk nasa ne zai biya diyya cikakkiya, kuma yana kurkuku har ya biya, abin da kowa ya san ba zai iya ba. In kuwa mamacin yana da nasa sakacin, za a rage gwargwadon rabonsa. Shaida ɗaya ne, Isa mai shayi, shi kuma Larabcinsa bai wuce na ciniki ba.

Ana gobe za a zauna, da la'asar, Ramlatu ta yi wa kawunta magana daga bayan labule, tana cikin takaba.

"Kawu, alƙali ba ya jin Hausa. Abin da ka faɗa shi zai rubuta."

"Haka ne."

"Marayu uku gare ni."

"Na sani, Ramlatu."

"To, tunda ka sani."

A kotu Isa ya ce, "Tsakani da Allah, direban nan a guje ya zo, ko ham bai yi ba." Sannan ya sassauta murya yana kallon Tsoho. "Amma shi ma marigayin ta hagu ya shigo." Ya faɗe ta ne ƙasa-ƙasa, yadda in tafinta ya so ya bar ta nan, ba mai tuhumarsa. Tsoho ya dubi Hadi, ga shi zugum, ana yanke rayuwarsa da yaren da bai sani ba. Sai ya fassara maganar duka, gudun da rashin ham ɗin da hagun, bai rage ko harafi ba.

Alƙali ya raba laifin biyu. Direbobi 'yan uwan Hadi suka haɗa rabin diyya, ya fito ya koma wa iyalinsa. Ramlatu tana gama takaba ta kwashe 'ya'yanta ta kama ɗaki a bayan kasuwa. Tsoho ya aika mata da shinkafa, aka dawo masa da ita. Masu bakin unguwa suka ce ya sayar da jininsa saboda bare, kuma galibinsu mutanen da ya taɓa fitarwa daga hannun 'yan sanda ne. Mutane ke nan.

Kai ne, Malam Tsoho, ba ka taɓa kare kanka ba. Sau ɗaya Isa ya ji ka yi zancen, kana riƙe da kofin shayi har ya huce. Ka ce, "Alƙali kashi biyu ya raba laifin, ni na san uku ne. Ni na miƙa masa keken, ban ce masa ya bi dama ba." Washegari aka fara ganinka a mararraba. Shekara shida, da zafi da cunkoson hajji, ba albashi, ba godiya. Mai gaskiya ko a kan nasa, Allah kaɗai ya san adadin waɗanda suka koma gida da ƙafarsu saboda kai.

Makon jiya gwiwar ta kwantar da shi kwana huɗu. A na uku Isa ya zo dubiya, ya ce masa wata mata ta tsaya a wurinsa tun asuba tana tare baƙi, tana cewa su dubi hagu tukuna.

"Wace ce?"

"Ramlatu."

Tsoho ya ce, "Ta tambaye ni?"

"A'a, Malam."

"To. Ce mata ta riƙa tsayawa ta wajen rumfarka, can rana ba ta bugu sosai."

Mun gode, Malam Tsoho, ko da godiyar ta zo a makare. Allah ya saka maka, ya sassauta maka gwiwar nan. Mu kuma da muka iya harshe biyu, mu faɗi magana yadda aka faɗe ta, ko wa za ta taɓa. Wanda kuma ya sauki baƙo a gidansa, kafin ya nuna masa hanyar Harami, ya fara kai shi bakin titi ya nuna masa ta inda mota take zuwa.