Tambarin Tanko Maƙeri a Jikin Bindigar Baba

Jama'ar gida, kowa ya ajiye abin da yake yi. Yau na sha kunya a gaban Bature, kuma ɗan uwana ne ya jawo mini!

Kun san bindigar Baba mai baki biyu, wadda ya saya a nan Landan shekarun saba'in, lokacin da kuɗin mai ya ɓarke. Ranar rabon gado ita kaɗai na ce ina so. Na bar wa Yaya Sale gona, na bar bindigar amana a hannunsa.

Yau na hau bas daga unguwar Catford zuwa shagon wani tsoho mai gyaran bindigogi, don in san wanda ya ƙera ta. Na miƙa masa tsohon hoton Baba riƙe da ita. Ya ce, "Wannan tamu ce, aikin hannu." Sai na nuna masa hotunan bindigar da ke hannun Yaya Sale, waɗanda ƙanwarmu Larai ta ɗauko mini jiya. Ya sa tabarau. Ya buɗe littafin tambura. Ya girgiza kai.

Ya ce, "Ba ita ba ce. Ɗigo uku da ƙugiya? Ban taɓa ganin wannan tambarin ba."

Ni na san shi! Wallahi yana jikin kowace fartanya ta gidanmu. Tambarin Tanko maƙeri na bayan kasuwa!

Bature ya ce, "Wane kamfani ne?" Na kwashe hotunana na fito.

Yaya Sale, na ga ka karanta, kada ka kashe data. Gona na bar maka. Ina bindigar ubanmu?