Rawar Hannun Bohdana

Bohdana Vrbova a ɗakin bincike na ƙarƙashin ƙasa a birnin Brno na ƙasar Czech ta yi furfura, gaban na'urar da ke nuna ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya. Ita ke ɗora ɗan ɓallin ƙarfen titaniyam mai haɗe da oksijin a ƙarƙashin allurar na'urar, a sakar masa iskar gas, a zuba ido a ga yadda ƙwayoyin ke mannewa a fuskarsa suna rabewa. Tukunyar na'urar an zuƙe mata iska ƙaf, hannu ba ya shiga. Da doguwar sandar ƙarfe ake kama ɓallin daga waje, kamar mai tsintar ƙwayar shinkafa da muciya. In ya suɓuce sai an buɗe tukunyar, a yi makonni ana gasa ta don tsabtace ta kafin ta koma aiki.

Bohdana ba ta taɓa yar da ko ɗaya ba, kuma ba ta bari kowa ya manta da haka ba. Bakinta ba ya raga wa masu yarwa, har da Radim shugabansu.

Bana hannunta na dama ya soma rawa. Ta daina shan kofi a gaban mutane, ko mijinta ba ta gaya wa ba. Tsoro ne fal cikinta, don ta san ranar da aka gani za a raba ta da sandar, ita kuwa ba ta san kanta ba sai da ita.

Ran wata Talata hannun ya ci amanarta. Ɓallin da suka yi watanni suna gogewa ya faɗa ƙasan tukunya, ƙas.

A al'adarsu, wanda ya yar shi ke kawo kek. Washegari ta shigo da nata, fuska a ɗaure.

"Ku kira 'yan jarida," in ji Radim. "Malama Vrbova, ashe ke ma mutum ce?"

"Ci ka yi shiru. Naka na bara ko kare ya ƙi."

Aka kwashe da dariya. Ta ɗauki wuƙa za ta yanka, sai wuƙar ta shiga kaɗawa a bakin faranti, kowa yana ji. Dariyar ta mutu. Ta danne hannun da na hagu, a banza.

Radim ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Kawo in yanka."

Ta kalli tafin hannun da ya miƙo mata. Ta san ba wuƙar kaɗai take miƙawa ba, amma ta miƙa.