Mutumin da Ya Toshe Rijiyoyin Yalkanli

Alamdar ƙanin mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa nake kiransa Dayi, kamar yadda kowa yake kiran kawunsa a wajenmu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga shi da bakin barkwanci. Ko gaisuwar mutuwa ya je, sai an ga wani yana ɓoye dariya cikin hula.

A kwalekwalen mahaifinsu ya taso, zamanin da tafkin Urmiya yake zuwa har bayan masallacin ƙauyenmu Yalkanli. Idan zafi ya shigo, mutanen birnin Tabriz sukan ciko motoci su zo su shafa baƙin taɓon bakin tafki a gwiwa saboda sanyin ƙashi, su miƙe a kan ruwan nan da ba ya nutsar da kowa. Dayi ne yake tuƙa su zuwa tsibiri ya dawo da su. Matarsa Telli kuma tana sayar musu da gurasa da cuku da inabi. Babu kifi ko ɗaya a tafkin don tsananin gishiri, amma babu gidan da bai ci daga gare shi ba.

Da ruwan ya fara ja da baya, sai mazan gari suka ƙara wa gadar katakon da ake hawa kwalekwale daga kanta tsawo don su cim masa. Shekara ta zagayo suka sake ƙarawa. Daga nan suka gaji. Baƙi suka daina zuwa, kwalekwalen Dayi ya zauna a kan farin gishiri, kaji suna kwana a cikinsa.

A lokacin kowa ya koma dashen tuffa, don ita ke da kasuwa, hukuma ma tana yabon masu dasawa. Tuffa kuwa uwar shan ruwa ce. Dayi ya bi wani mai haƙar burtsatse ya koyi sana'ar, daga baya ya sayar da gonarsa ta gado ya sayi tsohon injin haƙa. Kusan duk rijiyar da ke Yalkanli da ƙauyukan gefenta shi ya huda ta. Ba wanda ya damu da lasisi a wancan lokacin. Da mahaifina ya rasu ya bar mu da 'yan itatuwa ƙanana, Dayi ya kawo injinsa ya haƙa wa mahaifiyata rijiya bai karɓi komai ba. Ranar da ruwa ya ɓullo ya ce mata, "Yaya Zibar, ga miji na yi miki. Wannan ba ya faɗa, ba ya zuwa gidan shayi." Da tuffar gonar nan ta aurar da yayyena, ni kuma ta kai ni makaranta.

Sai iskar gishiri ta fara. Idan ta taso daga busasshen tafki, ganyen bishiya yakan ƙone kamar an kara masa wuta, yara su yi ta tari, ido ya yi jawur. Ana cikin haka aka ce an yi dokar ceto tafki. Jami'ai suka zo masallaci suka yi mana bayani. Ruwan madatsa da ake sako mana ta magudana za a rage shi a tura tafki. An hana haƙa sabuwar rijiya, an hana kwasar gishiri a manyan motoci, kuma duk rijiyar da ba ta da lasisi za a toshe ta. Suka ce za a biya diyya, za a kuma ba mu irin da ba ya son ruwa da yawa.

Mashadi Feyzulla mai gidan shayi ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, da kuka gina madatsu a kan kogunan, tafkin kuka tambaya ko mu? Yanzu da ya mutu, mu ne za mu yi masa takaba?"

Ɗaya daga cikin jami'an ya ce idan tafkin ya ƙare, ba tuffa kaɗai ba, har mutane sai sun tashi daga nan. Gaskiya ya faɗa, kuma mun san gaskiya ce, shi ya sa ma ta fi ciwo.

Injin Dayi aka fara kamawa. An tsare shi a hanyar wani ƙauye, aka ja injin aka tafi da shi, bai sake ganinsa ba. Ya nemi aikin lodin gishiri, ya tarar an hana. Ya zauna har hunturu biyu suka wuce ba ya shigo da komai, Telli kuma ga ciwon ƙirji. Sai ɗan kwangilar da aka ba aikin toshe rijiyoyi ya neme shi. Mutane sun riga sun koyi ɓoye rijiya, wasu a ƙarƙashin garke, wasu a cikin ɗakin ajiya. Ana bukatar wanda ya san inda suke, kuma ya san yadda ake cike su da kankare yadda ba za su sake buɗuwa ba.

Mutane sun ce yunwa ce ta sa ya karɓa. Akwai yunwa, amma ba ita kaɗai ba. Ni na ji abin da ya faɗa wa Telli ranar da take roƙonsa kada ya karɓa. Ya ce, "Telli, ni na sa wa tafkin nan tsinke na tsotse shi. Idan toshewa za ta dawo da shi, gara hannun da ya buɗe ya rufe." Ta ce, "Tafki ba zai zo gaisuwar mutuwarka ba, Alamdar. Mutane ne za su zo."

Ya fara da ƙauyuka na nesa. Da kaka ta gabato aiki ya iso Yalkanli. Motar siminti a gaba, motar 'yan sanda a baya, Dayi a tsakiya yana nuni da hannu. Manyan gonakin da ke gefen titi ba a taɓa su ba, masu su suna da lasisi, ko sun san inda ake samunsa. Na ƙananan mutane aka bi ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da suka iso gonarmu ina nan, na zo taya mahaifiyata tsinkar tuffa. Tana ganinsu ta ajiye kwando ta je ta zauna a kan murfin rijiyar, ta ja mayafinta ta rufe gwiwa.

"Yaya Zibar, tashi," in ji Dayi. Kansa na ƙasa.

"Mijin da ka yi min ne ka zo ɗauka?"

"Idan na tsallake taki, me zan ce wa Mashadi Feyzulla? Jiya na cike tasa."

"Ka ce masa nonon da na sha shi ka sha."

"Ko ban yi ba wani zai yi, Yaya. Shi kuma har injin jan ruwan zai fasa miki. Ni zan cire miki shi lafiya ki sayar."

Sai ta tashi da kanta, ba ta bari wani ɗan sanda ya taɓa ta ba. Ta ce min, "Sona, kawo wa baƙi shayi." Na kawo. Ta miƙa wa direba, ta miƙa wa 'yan sanda, ta wuce ƙaninta kamar babu kowa a wurin. Dayi ne ya kwance injin da hannunsa, ya goge shi ya jingine a gindin bishiya, sannan ya riƙe bututun simintin har rijiyar ta cika.

Daga ranar gari ya juya masa baya. Idan ya shiga gidan shayi sai hira ta mutu. Wata rana wani ya ce, "Ku rufe kofunanku, ga Alamdar nan, kada ya zuba musu siminti." Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma bai sake komawa ba. Da Ashura ta zo, Telli ta dafa shinkafar sadaka a babbar tukunya kamar yadda suka saba kowace shekara. Aka buɗe ƙofa ana jiran masu kawo kwano. Ba wanda ya aiko. Da la'asar ni na je da kwanonmu ba da sanin mahaifiyata ba, na tarar da su zaune su biyu a gaban tukunya, shinkafa ta huce.

Diyya ta zo wa wasu kaɗan, sauran aka ce su jira. Irin da aka raba bai jure gishirin ƙasarmu ba. Itatuwanmu suka yi shekara guda da ruwan tanka da muke saye, suka ba da 'ya'ya ƙanana kamar goro, shekara ta biyu suka bushe. Mahaifiyata ta sa aka sare su aka sayar wa masu gawayi. Gida bayan gida aka rufe da kwaɗo, mutane suka tafi Tabriz da Tehran neman aikin gini da gadi.

An yi wata shekara mai yawan dusar ƙanƙara. Da bazara ruwan tafki ya matso har ana hango shi daga rufin masallaci, tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da suka daɗe da ƙaurace wa tafkin suka dawo. Dayi ya kori kaji daga kwalekwale, ya sayo kwalta ya lilliƙe shi. Ya tsaya a ƙofar gidanmu, inda ya daɗe bai taka ba, ya ce, "Yaya Zibar, ki hau sama ki gani." Ta amsa daga ciki, "Na gani. Ka ɗebo min shi in ba itatuwana." Kafin kaka ruwan ya sake komawa. Bai taɓa isowa inda kwalekwalen yake ba.

A shekarar ne kwangila ta ƙare aka sallame shi, kuma a shekarar Telli ta rasu. An je jana'iza, don ba a ƙin gawa, amma zaman makokin bai cika tabarma biyu ba. Mahaifiyata ita ta wanke ta, ta kwana a gidan har aka share makoki, tana dafa abinci tana ajiye masa. Kalmar da ta haɗa su ba ta wuce "ci" da "na ƙoshi" ba.

Yanzu mahaifiyata tana wurina a Tabriz, a hawa na huɗu, ba ta sauka sai in za a je asibiti. Dayi ya ƙi tasowa. Yana cikin 'yan tsofaffin da suka rage a Yalkanli, ruwan sha ma a tanka ake kai musu. Numfashinsa ya lalace, idan ya yi magana ƙirjinsa yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Mashadi Feyzulla ya rufe gidan shayi don babu masu sha, yanzu su biyu suke zama a bakin masallaci da rana, don babu wani abokin zaman.

Zuwana na ƙarshe na same su a nan, kowa ya ɗaure hanci da ƙyalle saboda iska. Na ce wa Dayi an ce a rediyo za a ƙara tsaurara doka, har rijiyoyi masu lasisi za a sa wa na'urar awon ruwa.

Mashadi Feyzulla ya ce, "To ka shirya, Alamdar, aiki ya samu."

Dayi ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya tambaye ni ko gwiwar Yaya tana damunta har yanzu. Na ce tana damunta. Ya ce idan mutum ya yi tafiya mai nisa a kan gishirin ya tona, har yanzu ana samun baƙin taɓo a ƙasa, zai nemo mata. Na ce kada ya je, ba zai iya tafiyar ba. Ya ce to, ba zai je ba. Motar komawa ta iso, na sumbaci hannunsa na shiga.