Tsohon Kambas a Fadamar Wurno

Shekarar da aka ce za a tantance 'yan gudun da za su wakilci yankinmu a Sakkwato, kambas ɗaya gare ni. Da can fari ne, gudu ya mai da shi ruwan ƙasa. Kullum bayan asuba nakan fita daga gidanmu a Rabah in bi hanyar Maikujera, in juyo kafin rana ta yi zafi. Ranar tantancewa na matsowa sai gwiwata ta dama ta fara yi mini suka.

Kawuna tsohon soja ne. Ya ga ina ɗingishi, ya ce, "Mi as same ka? Kawo takalmin."

Ya aje shi a dandamali, takalmin ya karkace gefe guda. Ya kifa shi, ƙasan ya suɗe sumul kamar bayan ƙwarya. Ya danna tsakiya da babban yatsa, robar ba ta taso ba.

"Wanga ya mutu tuni. Shi ka cin gwiwarka."

Washegari na tafi kasuwar Goronyo wajen 'yan gwanjo. Kamar yadda Kawu ya ce, na gwada da safa a ƙafa, da la'asar sa'ad da ƙafa ta ɗan kumbura, na zaɓi wanda ya bar wa babban yatsana fili. Amma da na yi ɗan gudu da shi sai ya tayar mini da bororo a dunduniya.

"Ka makara," in ji Kawu. "Sabo shina son kwanaki kahin ya saba da ƙahwa. Tsoho kuma ba ni lamunce maka shi. Kai ka zaɓa."

Na zaɓi tsohon.

Ranar gudun aka wayi gari da ruwan sama a Wurno, inda za a yi tantancewar. Hanyar da aka shata mana ta sauka daga kwalta ta ratsa gefen fadamar shinkafa, duk laka. Da aka busa usur na shiga sahun gaba. Muna sauka kwalta ƙafata ta fara zamewa. Na rage taki, mutum biyu suka wuce ni. Can na ji falat-falat a ƙafar hagu, ƙasan takalmin ya ɓalle daga gaba yana kama laka. Ban ankara ba sai ga ni ƙasa, a kan gwiwar nan mai ciwo.

Ina jin numfashin na baya suna tahowa. Igiyar takalmin ta jiƙe ta ƙi kuncewa, na fizge takalman da ƙarfi na watsar a kunya, na tashi da safa. Tsakuwa na huda ni, gwiwa na zogi, wani dogon saurayi daga Rimawa yana kafaɗa da kafaɗa da ni. Ban san yadda na riga shi tsallake layin ƙarshe ba.

Ni ne na ƙarshe cikin waɗanda aka ɗauka. Sai dai kafin motarmu ta iso Rabah gwiwar ta cika wando. A asibiti aka naɗe ta, aka hana ni gudu har ƙarshen damina. Saurayin Rimawa aka tura a madadina. Da ya dawo ya zo har gida duba ni, ya kawo mini nono a ƙwarya, muka zauna a zaure yana ba ni labarin filin gudun Sakkwato.